Hular Kwanon Kofur Maccido

Suhaibu ba zai iya tuna ranar da ya fara jin labarin hular kwanon nan ba. Ya buɗe ido ya tarar da labarin a gidan, kamar yadda ya tarar da turmi da rijiya. Mahaifinsa, Kofur Maccido, ya yi aikin soja zamanin yaƙin basasa, ya dawo Kebbe da ɗingishi da kuma hular kwano guda, wadda wani hafsa ya ce ya riƙe tunda ba ta da sauran amfani ga gwamnati. Tun daga lokacin babu baƙon da zai zauna a zauren gidan ya tashi bai ji yadda aka yi ba.

Wani daji ne can kudu, inda ruwan sama ba ya gajiya da zuba. Suna kwance cikin laka, yunwa ta ishe shi, sai ya ɗaga kai ya duba ko masu kawo abinci sun iso. Harsashi ya shiga ta saman kunnen hagu, ya huda ƙarfen, ya karce fatar kai, ya wuce abinsa. In tsohon ya kawo nan sai ya sauko da hular daga jikin ƙusa, ya zura babban yatsansa cikin hudar, ya riƙa juya shi a hankali a kan bakin ƙarfen da ya yage.

"Nan yash shiga," haka yake cewa. "Da ya sauka ƙasa da faɗin yatsa, da babu ko guda cikinku."

Suhaibu ne auta, kuma shi kaɗai ya rage kusa. Yayyensa maza sun watse neman abinci, wani Ikko wani Ibadan, matan kuma suna ɗakunan mazajensu. Shi yana kabu-kabu a Tambuwal. Tun asuba yana bisa babur, ya kai wannan Jabo, ya ɗauko wancan daga Sanyinna, yau buhun dawa, gobe tsohuwa da kajinta. In ya samu sarari ya gangara Kebbe da maganin ciwon ƙafa, ya iso bayansa kamar an daka, ya zauna zai sha ruwa, sai ya ji tsohon ya fara: "Wani daji na can kudu." Ba ƙin uban yake ba. Gajiya ce kawai. Ya ji labarin har ya san inda tsohon zai yi tari.

Hular kuwa ba zaman banza take ba. Da ita Inna Ummulkulsum, matar Kofur, ke auna iri. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa sai ta sauko da ita, ta cusa tsumma a hudar, ta auna geron shuka. Ta san hula nawa gonar bayan gari ke ci, ta san nawa ta bakin hanya ke ci, ba ta taɓa yarda da mudun kowa ba. In an gama shuka a mayar da ita ƙusa. Wata shekara jikoki sun taɓa zuba wa 'yan tsaki dusa a ciki, kuma tun ranar Ɗangiwa, taubashin Kofur, bai sake kiranta da wani suna ba sai kwanon kaji.

Cikin zafin bazara baƙon ya zo. Sunansa Abdurrahim, ma'aikaci ne a gidan tarihin soja na ƙasa, yana yawo gari gari yana neman tsofaffin da suka ga yaƙi da idonsu kafin su ƙare. Wani a Tambuwal ya kwatanta masa Kofur, aka haɗa shi da Suhaibu ya goyo shi. Mutum ne siriri mai sanyin magana, da Hausa irin ta rediyo, kuma da ganin idonsa ka san ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Ya zauna a tabarma ya saurari labarin tun daga laka har zuwa tari, bai katse ba ko sau ɗaya. Da aka sauko da hular sai ya miƙa hannu biyu ya karɓa, kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya daɗe yana kallon hudar. Ya ɗauki hotonta ta waje, ya juya ya ɗauka ta ciki.

"Baba," ya ce, "muna da bindigogi, muna da motocin yaƙi, muna da kayan manyan hafsoshi. Irin wannan ce ba mu da ita. In kun yarda za mu sa ta cikin akwatin gilashi, a rubuta sunanka da sunan garinka a ƙasa, da yadda abin ya faru. 'Yan makaranta za su zo su karanta."

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi.

"Ko bayan na mutu?"

"Ko bayan ni ma na mutu, in Allah ya so."

"To ku ɗauka."

Abdurrahim ya ce ba yau ba. Ba a ɗaukar irin wannan kaya a bayan babur, kuma sai manyansa sun sa hannu. Zai dawo da mota da akwati kafin damina ta sauka. Ya sha ruwa, ya gai da Inna daga bakin ƙofa, suka kama hanya tun rana na sama, don yanzu ba mai son la'asar ta yi masa a dajin da ke tsakanin Kebbe da Tambuwal.

Da Suhaibu ya sake zuwa, sai ya tarar maganar ta cika unguwa. A Kebbe duk abin da ya fito daga gwamnati daga Abuja ya fito, saboda haka kowa cewa yake hular Kofur za ta Abuja. Tsohon yana zaune a inuwar dalbejiya da 'yan majalisarsa, ya sa farar riga ba ranar Juma'a ba. Ɗangiwa na gefe yana ɓare gyaɗa.

"Kai Suhaibu, zo ka ji ikon Allah," in ji Ɗangiwa. "Wai kwanon kaji za a kai birni manyan mutane su gani. Da tsatsatai da komi. Su ce mutanen Kebbe ko sabulu ba su da shi."

"Kai mi ka sani?" in ji Kofur. "Lokacin da muka ɓarin wuta kana ƙarƙashin gadon innarka."

"Awo, kuma kaina ba huda. Ni dai na faɗa maka. Ko ƙwarya za ka ara ma maƙwabci, ɗinke ta kaka yi tukuna. Bare abin da za a rubuta sunanka da na garinmu a kai. Mu za ka ja ma kunya, ba kai kaɗai ba."

Aka yi dariya. Kofur ma ya yi, amma ba ta kai ciki ba.

Bayan azahar ya kira Suhaibu zaure. Hular na kan cinyarsa, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Fentin ya daɗe da tafiya, tsatsa ta ci bakin, gefen hagu ya loɓa, ga hudar baki buɗe da zaren tsummar bara a maƙale.

"Ɗangiwa mahaukaci na," ya ce, "amma yau ya faɗi gaskiya. A soja, in za a duba kaya, ko maɓalli guda ya ɓace sai ka yi tsallen kwaɗo har rana ta faɗi. Takalmi sai ka ga fuskarka ciki. Yanzu janar janar za su tsaya gaban abin ga, su karanta Kofur Maccido, su ga wanga ƙazanta? Su ce wane irin soja na wanga?"

"Baba, mutumin ai ya gan ta hakanan, kuma yac ce shina so."

"Baƙo na. Mi kaka so shi ce? Shi shigo gidanka shi ce kayanka sun lalace? Kunya yaj ji."

Daga tsakar gida Inna ta sa baki. "Gaskiyar Malam ta. Ni ban taɓa fitar da kwano daga gidan ga da lamba ba, ko tuwon sadaka na. In za a ba mutane abu a ba su shi da mutunci."

Wani abu ya ɗan tsaya wa Suhaibu a rai, amma bai san sunansa ba, kuma shi ma da aka ce masa zai miƙa wa baƙo abu mai tsatsa da hannunsa, sai ya ji nauyi. Ga zafi, ga hanya na jiransa. Musu da tsohon kuma yini guda ne.

"Ka kai ma Sirajo mai walda," in ji Kofur. "Ka ce mashi aikin soja nika so. Shi miƙe ta, shi toshe, shi yi fenti. In gan ta kamar ranar da anka ba ni."

Inna ta naɗe hular cikin tsohon zane, ya ɗaure ta a bayan babur.

Shagon Sirajo yana Tambuwal, bakin titin Sakkwato, rumfar kwano ce da ƙofofin ƙarfe jingine ko'ina. Sai da Suhaibu ya jira aka kawo wuta. Sirajo ya kwance zanen, ya ɗaga hular sama, ya leƙa Suhaibu ta cikin hudar da ido ɗaya.

"Ita ta wagga? Wadda aka faɗi?"

"Ita ta."

Ya zura yatsa ya shafa bakin. "Kai, harsashi ba shi da kunya. Dubi yadda yan naɗe ƙarfe kamar ganyen rama." Ya dubi Suhaibu. "Toshewa za a yi duka?"

"Haka tsoho yac ce. Birni za ta."

"To in birni za ta, ba a yin aikin wasa. Zauna ka ga hannu."

Kuma ya ga hannu. Sirajo ya ɗora hular a kan guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa ya bi loɓawar da guduma, kaɗan kaɗan, har ta koma daidai. Ya yanke yagaggen bakin hudar, guntayen suka zube cikin ƙasa da sauran tarkacen shago. Ya yanko faci daga tankin wani mataccen babur, ya lanƙwasa shi, ya kama shi da wuta ciki da waje. Ya goge da injin gurza har tartsatsi ya kori awakin da ke kwance a inuwa. Ya shafa abin cike rami irin na masu gyaran mota, ya bi da takardar yashi, ya shafa da tafin hannu ya rufe ido yana neman tudu, bai samu ba. Sannan ya ɗauko ragowar koren fentin da ya yi wa ƙofar wata makarantar Islamiyya, ya fesa, ya bari ta sha iska, ya sake fesawa.

Suhaibu na zaune a kan benci yana gyangyaɗi. Fasinja nawa suka wuce yana kallo, bai da ƙarfin tashi. Da Sirajo ya taɓa shi ya farka, sai ya ga abu a gabansa yana ƙyalli kamar kankana.

"Nuna mani inda hudar take," in ji Sirajo, yana murmushi. "In ka gane na yafe maka ladan aikin."

Suhaibu ya juya ta, ya sake juyawa. Bai gane ba.

Ranar da ya kai ta Kebbe, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Tsohon ya kwance zanen da kansa, sannan ya dafa bango ya miƙe ba tare da sanda ba. Ya cire hularsa ta saƙi, ya kifa ta kwanon a kai, ya haɗa ƙafafu, ya ƙame ya sara. Inna ta rangaɗa guɗa daga ƙofar tsakar gida, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Aka kira Ɗangiwa. Ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa da farce.

"To," ya ce, "yanzu ka zama mutum. Kaji dai sun yi rashi."

Ba a mayar da ita ƙusa ba. Cikin akwatin kayan Inna aka sa ta, don kada ƙura ta taɓa. Kullum da hantsi tsohon sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, yana duban hanyar da mota ke shigowa. Suhaibu kuwa ya ji wani sauƙi da bai faɗa wa kowa ba. Labarin zai samu inda zai zauna, inda akwai masu karanta shi da ba su gaji ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, sannan Abdurrahim ya kira ya ce gobe suna tafe. Suhaibu ya tare su a Tambuwal ya shige gaba, farar motar na bin sa tana tangaɗi a ramuka. A ƙofar gida an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. 'Yan majalisa duk sun hallara. Inna ta dama fura tun safe.

Abdurrahim ya fi wancan zuwan ramewa. Ya gaisa da kowa, ya sa direba ya sauko da wani akwatin katako da aka yi wa shimfiɗar soso a ciki, an fafe tsakiyar daidai girman hula. Ya sa safar hannu fara. Kofur ya ɗaga wa Suhaibu kai, Suhaibu ya shiga ya fito da ƙunshin, ya durƙusa ya ajiye, ya kwance.

Rana ta faɗa kan koren fentin. 'Yan majalisa suka ce masha Allah.

Abdurrahim ya duba hular, ya duba Suhaibu. "Wannan kuma ta wa ce? Ina ta Baba?"

"Ita ce," in ji Suhaibu.

Abdurrahim ya ɗauke ta, ya juya gefen hagu, ya shafa. Ya kifa ta ya duba ciki, inda fenti ya rufe komai har da tabon walda. Ya kai hanci ya ji warin fenti. Sai ya ajiye ta a hankali, ya cire safar hannun, ya dafe goshi da tafinsa ya daɗe a haka.

"Aikin bai yi ba?" in ji Kofur. "In akwai inda anka bari a faɗa mani, yaron shi koma."

"Aiki ya yi, Baba. Ya yi kyau ƙwarai." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai hudar nan muka zo ɗauka. Irin hular nan muna da su cike da ɗaki, ba wanda ya san kan wa suka hau. Taka ta bambanta ne saboda harsashi ya bi ta ciki kuma mai ita yana raye. In yaro ya tsaya gaban gilashi ya ga inda ƙarfe ya yage, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yanzu in na sa wannan na rubuta harsashi ya huda ta, zai duba ya ce ina?"

Wata akuya ta yi kuka a bayan katanga. Ɗangiwa ya sunkuyar da kai yana tsintar ɓawon gyaɗa daga tabarma, ɗaya bayan ɗaya.

"Da na sani da na faɗa tun wancan zuwan," in ji Abdurrahim. "Wallahi bai zo mini a rai ba. A wurinmu ko ƙurar da ke jikin abu ba a gogewa sai an yi shawara. Na ɗauka kowa haka yake."

"Mu kuma nan," in ji Inna daga bayan ƙofa, "ba a ba baƙo abu da rauni."

"Na sani, Inna. Haka uwata ma take."

Suhaibu ya ja shi gefe, bayan mota, inda direba ke kallon sama yana duban agogo.

"Yallaɓai, akwai dabara. Ku ba ni zuwa gobe. In koma wurin mai waldan shi cire facin, shi huda wurin, shi kankare fentin. Kuna da hoto, sai shi bi hoton. Hannunai na da kyau, wallahi ba mai ganewa."

"Na ga hannunsa," in ji Abdurrahim, ya yi guntun murmushi. "Amma wannan hudar mai walda za ta zama, ba ta yaƙi ba. Ni zan sani, kai za ka sani. In muka fara haka, duk abin da ke cikin gidan nan namu ya zama abin shakka. Guntayen da ya yanke fa, suna nan?"

Suhaibu ya tuna ƙasar shagon, da tarkacen da ake sharewa kowace safiya a sayar wa masu gwangwan. Ya girgiza kai.

"Mutumin ga tun da kunka tafi yake zaune ƙofar gida," ya ce. "Sunan kawai shika so. Ko a ƙasan hoton na."

"Zan kai maganar hoton gaban manyana. Amma ba zan yi maka alkawari ba, don kada in bar wani tsoho yana duban hanya. Na bar su da yawa."

Da suka dawo tabarma, Kofur ya riga ya ɗauki hular ya ɗora a cinya. Ba kurma ba ne, ya ji abin da ya ji. Ya tura hularsa ta saƙi baya, ya karkata kai, ya nuna wani dogon tabo fari da ya ratsa furfura daga saman kunne zuwa ƙeya.

"Ga rabin hudarku nan," ya ce. "Wagga Sirajo bai taɓa ta ba. In akwatin naku na ɗaukata, mu tafi."

Wasu suka yi dariya don ya samu abokan yi. Abdurrahim ya nemi izini ya ɗauki hoton tabon. Suka sha fura saboda kada a ce sun ƙi, direba ya mayar da akwatin mota da sosonsa fafaffe ba komai ciki, suka juya tun kafin la'asar. 'Yan majalisa suka zame ɗaya ɗaya. Ɗangiwa ne na ƙarshe. Ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya ce, "Sai da safe, Kofur." Suhaibu bai taɓa jin ya kira shi da wannan suna ba tare da tsiya a gaba ko a baya ba.

Ba a sake fitar da kujera ƙofar gida ba. Wayar Abdurrahim kuma ba ta sake shigowa ba, Suhaibu ma bai nema ba.

Ruwan shuka ya sauka. Suhaibu ya baro Tambuwal da sassafe don ya taya su, ya iso da laka har gwiwa. Ya tarar Inna a tsakar gida ta baje buhun iri, koriyar hular a hannunta. Ta kai hannu gefen zaninta ta yago tsumma kamar yadda ta saba, ta juya hular tana neman inda za ta cusa, sannan ta tuna. Ta jefar da tsumman.

"Ko ba komi ta bar zuba," ta ce. Ta cika ta da gero ta ɗaga, ta auna nauyin a hannu, ta yamutsa fuska. "Amma awon ya canza. Da yab buɗe loɓawar nan ta ƙara ciki. Yanzu ban san nawa gonar bakin hanya za ta ci ba."

Aka yi shuka da ƙiyasi. Da rana ta yi sama suka dawo, Suhaibu ya wanke ƙafa, ya ci abin da ya samu, ya tura babur zuwa zaure zai koma. A zauren ya tarar da baƙo, wani malami daga Sanyinna da ya zo ganin maƙwabci ya fake wa yayyafi. An mayar da hular ƙusarta. Tsohon ya sauko da ita, kuma har ya kai wurin laka da yunwa.

Suhaibu ya rage tafiya don kada ƙarar babur ta katse su, yana jiran tarin ya wuce ya fita.

"Sai nid ɗaga kai in gani ko abinci ya iso," in ji Kofur. "Sai harsashi..."

Babban yatsan ya tafi inda ya saba zuwa, ya zame a kan fenti. Ya dawo ya sake lalubawa, ya zame. Tsohon ya juya hular, ya duba gefen dama, ya juyo hagu, ya matso da ita kusa da ido. Bakinsa na motsi amma maganar ta tsaya. Malamin na jira cikin ladabi, yana kallon hula mai sheƙi da ba ta da ko ƙwarzane.

Suhaibu ya duba waje. Yayyafin ya tsagaita, hanya za ta yi santsi, kuma in ya ƙara jinkiri la'asar za ta same shi a daji. Bayansa na ciwo tun daga wuya har ƙugu. Ya kafe babur ɗin, ya dawo ya tsuguna gaban uban. Ya kama yatsan, busasshe mara nauyi, ya ɗora shi a saman inda kunnen hagu zai kasance.

"Nan, Baba."

Tsohon ya danna wurin.

"Nan yash shiga, Malam," in ji Suhaibu, bai ɗaga kai ba. "Akwai huda nan, yatsa na shiga har gaɓa, bakinta a yage. Ni na gan ta, da ita na tashi. Yah huda ƙarfen, yak karce kai, yaw wuce. Baba, nuna mashi tabon."

Kofur ya tura hular saƙi baya. Malamin ya leƙa ya ce, "Allahu akbar."

"Da ya sauka ƙasa da faɗin yatsa," in ji Suhaibu, sai ya tsaya, don nan ne wurin tarin. Tsohon ya yi tarinsa, ya share baki, ya ƙarasa da kansa.

"Da babu ko guda cikinsu."

Malamin ya gyara zama ya tambayi yadda aka yi aka fitar da shi daga dajin. Wannan ɓangaren yana da tsawo, akwai kwalekwale a ciki da wani likita mai jan gemu. Suhaibu ya sake duban hanya. Sannan ya cire takalmansa masu laka, ya jawo gefen tabarma ya zauna.